Shaihu Umar Ya Dawo, Labarin Yinsa Bai Dawo Ba

Duk wanda ya shiga shagon masu tura fim a unguwar nan ya ce a sa masa "bayan fage", ya san abin da za a cika masa waya da shi. Jaruma tana gyara ɗaurin ɗankwali kafin a ɗauka, jarumi ya manta maganarsa an tuntsire da dariya, ana koyon taka rawa a wani lambu, darakta yana ta ihun a sake. Minti biyu, minti uku, an gama. Ba mu ce laifi ba ne, mu ma muna kallo muna dariya. Sai dai kalmar ta ƙanƙance a hannunmu har mun ɗauka iyakarta ke nan, alhali a wasu ƙasashe bayan fage fim ne sukutum mai zaman kansa, wani ma ya fi awa biyu, kuma akan samu wanda ya fi uwar fim ɗin daɗin kallo.

Misali mafi kusa da mu shi ne Ar-Risala. Da wuya a samu gida a nan da ba a taɓa kallonsa ba, musamman da azumi. Mustapha Akkad, mutumin Halab ta Siriya, ya fitar da shi a 1976, kuma tun a lokacin aka haɗa masa wani ɗan fim mai suna The Making of an Epic, wanda daga baya aka riƙa liƙa shi a faifan DVD. Wanda ya san yadda aka yi aikin nan ba zai ƙara kallon Ar-Risala da idon da ba. Garin Makkan da muke gani gina shi aka yi a Maroko, kafintoci da magina suka kwashe watanni suna yi. Kuma ba fim ɗaya aka ɗauka ba, biyu ne a lokaci guda: a ɗauki fitowa da 'yan wasan Turanci, su koma gefe, 'yan wasan Larabci su shigo wuri ɗaya su maimaita. Anthony Quinn ya yi Sayyidina Hamza a wancan, Abdullahi Gais na Masar ya yi a wannan. Irene Papas ta yi Hindu, Muna Wasif ta Siriya ta yi a na Larabci. Ga kuma babbar matsalar da Akkad ya zauna da ita tun daga rubutu: yadda za a ba da tarihin Manzon Allah (SAW) ba tare da an nuna shi ko an ji muryarsa ba, har aka kai rubutun gaban malaman Azhar.

Duk da haka, ɗan fim ɗin nan yana da irin ciwon da ke damun yawancin 'yan uwansa. Masu kaya ne suka yi shi, don a sayi kayansu. Mai talla kuwa ba ya cewa tuwonsa da gudaji. Rigimar da ta sa aka tashi daga Maroko aka ƙarasa aiki a Libiya da kuɗin Gaddafi, a jaridu da hirarrakin baya aka fi jin gundarinta. Abin da ya faru a Washington a watan Maris 1977, da wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutane suna neman a hana nuna fim ɗin, wannan ya zo ne bayan an riga an gama. Shi kansa Akkad ya rasu a harin bam na otal-otal ɗin Amman a Nuwamban 2005. To amma ko ba komai an bar wani abu. Jikan kafintan da ya kafa katakon Makkar Maroko zai iya ganin irin aikin da kakansa ya yi.

Yanzu mu dawo gida, mu tsaya a wannan shekarar dai, 1976. A watan Fabrairunta ne gwamnatin Murtala ta yi dokar da ta yanke wannan ƙasar da muke zaune a kai ta ce nan ne sabon babban birni, aka karɓi sunan Abuja daga tsohon garin da ya koma Suleja. A cikinta ne kuma Adamu Halilu ya kammala Shaihu Umar, fim na sinima da Hausa, mai tsawon fiye da awa biyu, da kuɗin sashen fina-finai na gwamnatin tarayya. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, waɗanda da yawanmu muka karanta a makaranta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Umaru Ladan ɗin ya fito a matsayin Shaihun. An kai fim ɗin bikin FESTAC na 1977 a Legas. Daga nan sai ya yi ɓatan dabo. Shekara kusan arba'in ana jin sunansa a littattafan masana ba a ganinsa, har aka fara lissafa shi cikin waɗanda suka salwanta.

A 2016 aka gano gwangwanayen zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Didi Cheeka, wani mai sharhin fim kuma mai bin diddigin tsofaffin fina-finai daga Legas, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi da tallafin Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a Fabrairun 2018. Abin farin ciki ne, ba shakka. Amma Adamu Halilu ya rasu tun 2001. Fim ya dawo, mai shi ba ya nan balle a tambaye shi. A duk abin da ke yawo a wayoyinmu da shagunanmu da tashoshinmu, ba mu ci karo da wani shiri da ya zaunar da waɗanda suka yi aikin nan ya ce su ba da labari ba.

Kuma akwai abin tambaya, ba kaɗan ba. A ina aka samo ayarin raƙuman? Wa ya ɗinka tufafin mutanen ƙarni na 19, da wane samfuri ya yi aiki? Yaya aka yi da kurar da ke cikin labarin? Waɗannan su ne masu sauƙi. Mai nauyin ita ce wadda ta shafe mu, mu da muke zaune a tsakiyar Gbagyi. Labarin Shaihu Umar labarin bauta ne. A cikin littafin, sarki ne ya tura mayaƙa hari ƙasar Gwari, daga wannan harin aka ƙulla wa Makau sharrin da ya sa aka kore shi, daga korar tasa aka sace Umar yana yaro, uwarsa ta bi sawunsa ita ma aka sayar da ita har ƙetaren Sahara. Duk wanda zai mai da wannan fim dole ya zauna ya yanke shawara: yaya za a nuna waɗanda aka kai wa harin, wa zai fito a matsayinsu, da wane harshe za su yi kuka. Gwamnatin soja ce ta biya kuɗin, marubucin kuma Firayim Minista ne da sojoji suka kashe shekara goma kafin nan. Aka ɗauki fim ɗin aka kai taron da jikokin bayi daga Amurka da Brazil da Karibiyan suka zo, taron da aka buɗe ranar 15 ga Janairu, wato ranar da aka yi juyin mulkin 1966. Haba, a ce duk wannan babu wanda aka sa a gaban kyamara ya faɗi abin da aka tattauna? Maƙwabtanmu da muke saye da sayarwa da su a Gwagwa da Karmo da Zuba, da su da mu duk muna da haƙƙin jin yadda aka yi wannan tunani.

Wani zai ce ai zamanin ne, zaren fim tsada gare shi, wa zai ɓarnatar da shi wajen ɗaukar masu ɗauka. Mun yarda. To zamanin kaset fa? Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi, Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma daga shi ake fara ƙirga wannan sana'a da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa suna Kannywood a mujallarsa ta Tauraruwa. Bayansa aka yi Gimbiya Fatima, aka yi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. A tsakanin 1999 da 2000 Sangaya da Wasila suka zo suka juya kasuwar gaba ɗaya. Waɗanda suka zo Abuja a waɗannan shekarun sun san yadda ake jiran motar Kano ta sauke sabon kaset, da yadda ɗaki ɗaya mai bidiyo yake cika har tsakar gida. Ga baƙo a garin da ba nasa ba, kaset ɗin nan gida ne a cikin leda. A lokacin kyamara ba ta da wuyar samu, ga ta nan a hannu. Tunanin juya ta baya ne ba a yi ba.

Sangaya kaɗai ya isa fim ɗin awa biyu. Yadda kamfanin Sarauniya ya haɗa fada da kayan sarauta da ɗan abin da ke hannu. Yadda aka matsa wa piyano ƙirar Yamaha har ta riƙa fitar da sauti mai kama da kalangu da sarewa, abin da ya sa waƙar ta shiga kowane gidan biki, ya kuma sa kowane furodusa ya ce shi ma sai da waƙa. Yadda Fati Muhammad ta zama Zubaina a bakin mutane har sunan ya bi ta. Sannan kuɗi, wanda shi ne ba a son a taɓa. Tsarin kasuwar Ƙofar Wambai da Bata shi ne furodusa ya buga kwali ya sayar wa dillali, dillali ya kwafi kaset da kansa ya sa a ciki. Wato mai fim kwali yake sayarwa, ba fim ba. Wa ya ci riba a wannan tsari, wa ya tashi da bashi, fim nawa aka yi da kuɗin gadon wata ko kuɗin adashen wani? Nan labarin yake, kuma irinsa ne duk ɗan kasuwar da ke Wuse ko Dei-Dei zai saurara bai ƙifta ido ba.

Kada mu yi rashin adalci. A rubuce an yi ƙoƙari. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta bi masu sana'ar nan lokeshan-lokeshan, tsofaffin kofenta yau taska ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana tattara tarihin, an yi babban taro a Kano a 2003 da ya haifar da littafi guda a kan fina-finan bidiyo na Hausa. Amma yawancin rubutun masana da Turanci yake, a ɗakunan karatu, kuma mutanen da suka yi kallon Sangaya a tsakar gida ba can suke zuwa ba. Abin da aka yi da hoto, da hoto ya kamata a ba da labarinsa.

A hoton kuwa, abin da muke da shi shi ne shirye-shiryen hira: Kundin Kannywood na Arewa24, Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, da zauren da Hadiza Gabon take yi a YouTube. Muna kallonsu, kuma sun kyauta da suka nemo tsofaffin fuskokin da aka manta da su. Matsalarsu ɗaya ce, mutum suke bi, ba aiki ba. A ina aka haife ki, yaya aka yi kika shiga fim, wane abinci kika fi so, yaushe za a yi aure. In an zo kan wani tsohon fim sai a ce "gaskiya mun sha wahala amma alhamdulillahi", mai tambaya ya gyaɗa kai a wuce. Wace wahala? Ranar da janareta ya mutu ne, ko ranar da mai gida ya kore ku daga gidan da kuka ara, ko ranar da kuɗi suka ƙare ana tsakiyar aiki? Ba a bi. Sannan kujerar ta jarumai ce kusan kullum. Mai riƙe kyamara, mai haɗa hoto, mai kwalliya, mai dafa wa ma'aikata abinci, direban bas ɗin da ya kwashi kowa, ba a cika kiransu ba, alhali su ne suka fi tuna abin da ya faru, don su ba sa cikin ruɗin fitowa.

Indiyawa, waɗanda muka koyi rawa da waƙar a wurinsu, sun nuna yadda ake yi. Lagaan ya fito a 2001, wani lauya abokin Aamir Khan mai suna Satyajit Bhatkal, wanda yake cikin ma'aikatan shirin, ya bi aikin da kyamara ya fitar da Chale Chalo, har ya ci kyautar ƙasa. A ciki za ka ga zafin yankin Kutch yana kayar da mutane, ka ga darakta Ashutosh Gowariker ciwon baya ya kwantar da shi yana ba da umarni daga kan gado, ka ga yadda aka tara ƙauyawa wajen dubu goma don wasan kurket na ƙarshe. Tsoho A. K. Hangal, makahon limamin nan na Sholay, yana fama da jiki aka kawo shi ya yi fitowarsa. Shi ma wannan fim ɗin 'yan gida ne suka yi, kuma ana jin ƙamshin yabon kai a wasu wurare. Amma ya bar gajiya da faɗa da tsoron asara sun fito, shi ya sa ake yarda da shi.

Wanda ya fi kowa rashin tausayi shi ne Hearts of Darkness na 1991, labarin yadda Francis Coppola ya yi Apocalypse Now a Filifin. Matarsa Eleanor ce ta ɗauki hotunan, har da muryarsa da ta naɗa bai sani ba, yana cewa fim ɗin nan zai lalace. Guguwa ta rushe musu gine-gine, jarumin ya samu bugun zuciya, jiragen yaƙin da gwamnatin Marcos ta ba su aro akan janye su ana tsakiyar ɗauka a tafi yaƙi da 'yan tawaye. Mu dai a nan, matar da ta yi wa mijinta haka sai an tara dangi.

Wannan raha ce, amma a cikinta babbar hujjar masu ƙin abin take, kuma ba hujjar banza ba ce. Mu mutane ne masu son sutura. Ba ma son a tona asirin mamaci, ba ma son a ce wane ya ci kuɗin wane alhali 'ya'yansu suna raye suna zumunci. Sana'ar fim kuma ta sha duka, tun daga rikicin 2007 da kame-kamen hukumar tace fina-finai ta Kano da suka biyo baya, har ta koyi rufe ƙofa. Duk wanda ya zo da kyamara yana tambayar abin da ya faru a baya, sai a ɗauka abin kunya yake nema. Amma tonon asiri daban, labarin aiki daban. Babu mutuncin wanda zai zube don an ce an ɗauki fitowa sau goma sha saboda jirgin sama yana wucewa, ko an ce dillali ya ƙi karɓar fim sai an ƙara waƙa. Rufe ƙofar ma ita ta fi yin ɓarna. Da aka tashi gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Kofa ta jihar Kano a 2016, aka yi ca har gwamnatin tarayya ta janye, abin da yawancin mutane suka hango shi ne filin rawa. Ba su hango kafinta da tela da mai walda da mai wayarin ba, don ba a taɓa nuna musu su ba. Wanda bai ga komai ba sai rawa a bayan fage, me zai hana ya ce rawa ce duka sana'ar? Ko mutum yana goyon bayan alƙaryar ko yana adawa da ita, ya kamata a ce ya san abin da yake magana a kai.

Lokaci kuma ba ya jira. Aminu Hassan Yakasai, wanda ya rubuta Turmin Danya, ya rasu a haɗarin mota a 2001. Ahmad S. Nuhu a farkon 2007, Hauwa Ali Dodo a farkon 2010, su ma a hanya. Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014. Kasimu Yero, wanda ya ga zamanin wasan talabijin tun daga tushe, a 2017. Saratu Gidado a 2024. Kowannensu ya tafi da abin da ba a rubuce yake ba. Kaset ɗin VHS shi ma yana da ajali, damina kaɗan a ɗaki mai laima ta isa ta sa ya yi fumfuna, kuma mun san yadda ake yi da kwalin tsofaffin kaset ranar da aka tashi daga gidan haya ko aka zo rusau.

Abin da ya sa muka ga maganar ta dace da wannan shafi shi ne, masu iya yin wani abu a kai ba su da nisa da mu. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wato yariman Sangaya da kansa, kuma hukumar da aka tsinci Shaihu Umar a ma'ajiyarta. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa tana Jos a ƙarƙashinsa, Jami'ar Jos tana koyar da adana fim a matakin digiri na biyu tare da wata jami'ar Frankfurt, bikin Zuma kuma a nan Abuja hukumar take yinsa duk shekara. Ba a rasa ɗalibai, ba a rasa wurin nunawa. Fargabarmu ɗaya ce: in gwamnati ta ɗauki nauyi kai tsaye, kirari za a yi. Za a fara da jawabin minista, a ƙare da hoton shugaban hukuma, a tsakiya kowa ya ce alhamdulillahi. Gara hukumar ta buɗe ma'ajiya, ta ba da izinin amfani da hotuna, ta bar wani mai taurin kai wanda ba ya neman a sa shi a fim ya yi tambayoyin.

In ma hukumar ba ta motsa ba, na zamanin kaset bai fi ƙarfin mutum biyu da waya mai kyau da ƙaramar makirfo ba. Ibrahim Mandawari, Ado Gidan Dabino, Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama da ire-irensu sun ga farkon abin da idonsu, kuma mutane ne masu iya ba da labari. A ɗauki fim ɗaya tak, a bi shi daga ranar da aka rubuta shi har ranar da kwalinsa ya shiga kasuwa, a nemo mai kyamarar da mai piyanon da dillalin, a tambayi kowa shi kaɗai, in maganarsu ta saɓa a bar ta a saɓe. Yaran unguwar nan da ke ɗaukar bidiyon biki duk Asabar sun fi Tumbin Giwa kayan aiki nesa ba kusa ba, motar Kano kuma kullum tana lodi a Zuba.